Maharbin Gwanki Da Dajin Da Ke Bayan Ƙofar Guga

Ƙofar Guga tana ɗaya daga cikin ƙofofin birnin Katsina, ita ce ke duban yamma maso arewa. Wanda ya fita ta nan ya kama hanyar Jibiya, kadan ya karkata hagu ya yi ta tafiya, sai ya faɗa Dajin Rugu, wanda ya miƙa daga ƙasar Batsari da Safana har ya haɗu da dazuzzukan Zamfara. Yau in an ambaci dajin nan sai gaban mutane ya faɗi. Amma fa an yi zamanin da mutum ɗaya tak ya kan rataya kwari, ya ɗauki baka da gorar ruwa, ya shige shi ba abokin tafiya ba ja-gora, ya kwana biyu ko uku, ya komo da naman gwanki. Tarihin wannan mutum mu ke so mu ba ku, ku 'yan makaranta, don ku san abin da ya ke riƙe da shi a dajin, da kuma abin da ya raba mu da shi.

Da fari sai mu bambanta farauta da harbi, gama mutane su kan gama su. Farauta ta taron jama'a ce. Bayan an kau da amfanin gona a kan buga ganga, samarin garuruwa su fito da karnuka da sanduna da barandami, a kewaye daji a yi ta ihu, zomo da gada su tashi a bi su. Sau da yawa ma a kan ƙare da faɗa a kan wanda ya fara jifa. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, mai yinta shi a ke kira maharbi, shugabansu Sarkin Baka. Maharbi ba ya son ganga, ba ya son taro, don babban nama ba ya tsayawa inda a ke hayaniya. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Tarihin Kano ya ce Barbushe na Dutsen Dala maharbin giwa ne, nan ƙasarmu kuwa an ce Dutsin-Ma ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a gindin dutsen tun ba gari. Watau maharbi shi ya kan riga kowa sanin inda ruwa ya ke, sa'an nan manomi ya biyo sawunsa.

To, yaya aka yi aka sami ƙungurmin daji kusa da babban birni haka? Yaƙi ne ya shuka shi. Cikin 1807 Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Tun daga nan ƙasar da ke tsakanin biranen nan biyu ba ta sake barci da ido biyu ba. A zamanin Sarki Siddiku, ɗan Ummarun Dallaje, garuruwan yankin Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Maraɗawa, aka murƙushe su, garuruwa da yawa suka zama kufai. Gonaki suka koma sarƙaƙiya, namun daji suka gaje rijiyoyin mutane. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ratso dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina cikin watan Janairu na 1851, ya wuce kufan Ɗankama, ya kuwa ga sawun giwaye a hanya. Abin da ya zama hasara ga talakawa shi ya zama arzikin ɓauna da kanki da mariya da gwanki.

Gwanki shi ne abin alfaharin maharbi. Girmansa ya kusa na doki, jikinsa ja-ja, fuskarsa baƙi da fari, kunnuwansa dogaye, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya. Yana da jin ƙanshi da saurin tsorata, in kuwa ya ji rauni ya kan juyo ya yi faɗa da ƙaho, har zaki na shakkarsa. Don haka a ke masa kirari da gwanki sha bara, gama masu auna shi suna da yawa, masu kā da shi kaɗan ne. Maharban dā sun ɗauka dabba ce mai iskoki, ba su kusantar gawarsa sai sun yi abin da iyayensu suka koya musu na tsari.

Ga yadda a ke harbinsa. Gwanki ba ya daɗewa bai sha ruwa ba, saboda haka da rani maharbi ya kan nemi tafkin da bai ƙafe ba, ya duba sawu da kashi, ya gane ko na jiya ne ko na yau, ko garke ne ko tsohon namiji mai tafiya shi kaɗai. Sai ya watsa ƙura ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta inda ba za ta kai warinsa ga naman ba. Waɗansu su kan yi kwanto a kan itace. Waɗansu kuwa su kan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓe da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna gyaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har su kai inda kibiya za ta isa. Kibiyar ba ta da wani nauyi, ƙarfinta yana ga dafin da aka shafa mata, wanda a ke dafawa da 'ya'yan ƙwanƙwani, shi ne ke tsai da zuciya. Da an harba sai naman ya zabura, maharbi ya bi jini da sawu, wani lokaci tafiyar rabin yini. A nan ne Musulmi ya ke gaggawa, don ya yi bisimilla sa'ad da ya saki kibiya, yana kuma so ya riski dabbar da sauran rai ya yanka ta. Littafin Risala, wanda a ke karantawa a zaurukan Katsina, ya yi magana a kan naman da aka harba ya ɓace har ya kwana, ya kuma nuna harbi don wasa kawai abin ƙi ne. In ya yanka sai ya yanke wurin da kibiya ta shiga ya yar, ya feɗe, ya kyafe naman a kan wuta, ya rataye saura a bisa itace saboda kura, ya yi ta jigila.

Ku lura fa, mutumin nan da mu ka ce ba shi da ja-gora, ya yi shekara da shekaru yana bin ubansa yana ɗauke masa gora kafin a bar shi ya shiga shi kaɗai. Ya san kowace kuka da kowane kwazazzabo da sunansa, ya san maganin sarar maciji, ya san taurarin da za su komo da shi gida. Da Turawa suka zo suna son harbi da manyan bindigoginsu, shi suka riƙa ɗauka ya yi musu ja-gora. Har wa yau dajin da ya ke shiga, ko da ya ke ba gonar kowa ba ne, yana da masu shi. Akwai Sarkin Dawa, akwai mai gari wanda a kan kai wa ƙafar nama, fatar zaki da ta damisa kuwa sai fada. A wajen Maguzawa da Arnan ƙasar Maraɗi ba a fara farautar shekara sai an yi bikin buɗin daji. Da damina kuma maharbi manomi ne, ciyawa ta yi tsawo, namun daji su sami sararin haihuwa.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 al'amura suka soma juyawa. Wajen 1890 annobar shanu da a ke kira sannu ta ratsa ƙasar Hausa, ba ta bar ɓauna da waɗansu namun daji ba. Cikin 1903 Turawa suka shigo Katsina, hare-hare suka ƙare, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko mutane suka yi ta komawa kufan kakanninsu suna saran daji. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi, gatari ya ƙara kaifi. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna a kan amanar jama'a, cikin 1916 kuma aka yi dokar tsaron namun daji, wadda ta hana taɓa waɗansu, ta ce waɗansu sai da lasin. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1963. An keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai ya zama gandun daji, an keɓe Yankari a ƙasar Bauci a 1956. Dokokin ba su da laifi a takarda. Abin da ya faru shi ne an karɓe daji daga hannun Sarkin Dawa, wanda ke kwana a bakinsa, aka ba ma'aikaci ɗaya mai keke ya tsare abin da doki ba ya kewayewa a yini uku. Bindiga ta yawaita, fitilar goshi ta zo, mota ta shiga inda dā sai ƙafa. Har shekarun 1980 akwai garken giwaye a Baban Rafi, kudu da Maraɗi, amma gwanki ya riga ya zama labari a bakin tsofaffin Ruma.

Kada ku ce haka duniya ta gada, abin da ya tafi ba ya komowa. A Amurka akwai wata babbar dabba mai rassan ƙaho da su ke kira elik. Wajen 1900 an kusa ƙare ta da harbi, waɗanda suka rage ba su kai 100,000 ba. Sai suka ƙayyade watannin harbi da yawan abin da mutum zai kashe, cikin 1937 kuma suka yi doka cewa harajin bindiga da harsashi a kashe shi wajen renon namun daji. Yau dabbar ta kai wajen miliyan ɗaya, talaka ya kan sayi lasin ya shiga dajin gwamnati shi kaɗai ya harbo guda ya kai wa iyalinsa. Dubi, ai wannan buɗin daji ne da rabon mai gari, sai dai su sun rubuta nasu sun kuma tsare shi.

Mu kuwa da daji ya rasa mai shi, sai ya sami mugun mai shi. Tun shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da Rugu mafaka, har jikokin maharba suka koma tsaron ƙauyuka maimakon bin sawun nama. Waɗansu kuma su kan tafi neman nama can Kudu, inda ba a san su ba. Cikin watan Maris na 2025 aka kashe maharba 16 'yan ƙasar Kano a garin Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar komowa gida yin salla.

Saboda haka, ku yara, in kun je hutu ku nemi tsofaffin maharban garinku tun suna da rai. Ku tambaye su sunayen tafkuna da itatuwa da namun da suka sani, da watannin da a ke harbi da waɗanda a ke bari, ku rubuta. Cikinku ne za a sami malaman daji da hakimai da masu yin doka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya komo mana da dajinmu, amin.