Allo Biyu a Hannun Yaro Ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe aji a ƙasar Gwaram ko Birnin Kudu ya san cewa yaron da ke zaune a gabansa makarantu biyu yake yi, wani ma uku. Da asuba yana gaban alaramma da allonsa, da hantsi yana gabanka da littafin rubutu, da la'asar kuma ya tafi Islamiyya. Na yi shekara talatin da ɗoriya da alli a hannu a ƙauyukan da ke kewayen Farin Dutse, kuma yaran nan ne suka koya mini kwatanta tsarin ilimi, tun kafin in ji ana yin hakan a jami'a.

Boko ya daɗe a ƙasar Kano kafin ya iso gare mu. Tun 1909 Hanns Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, amma iyayenmu a nan kudu sun san boko ne ta hannun dagaci, wanda hakimi zai ce wa ya kawo yara kaza. Mai gata ya ɓoye ɗansa, ɗan mara galihu ya tafi. Abin dariya, waɗanda aka kama ɗin su ne suka dawo suna mulkin waɗanda aka ɓoye. A elemantare ta zamanin En'e da Hausa ake fara komai: karatu, rubutu, lissafi. Sai yaro ya iya karanta wasiƙa ya rubuta amsa kafin a ɗora masa Turanci sosai. Yaran ba su da yawa, sufeto kuma yana zuwa babu sanarwa. Mai rabo ya wuce gaba, kuma makarantar gwamnati ta Birnin Kudu ta zama wurin da ake alfahari da shi a duk lardin. A nan Aliko Ɗangote ya gama sakandare a 1978.

Mu 'yan UPE ne. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Obasanjo ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, yara suka yi ambaliya fiye da lissafin da aka yi. Aka shiga neman malamai ido rufe, aka buɗe kwalejojin horon malamai ko'ina, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar. Ana biyan mu alawus muna ɗalibai, mu fito da takardar daraja ta biyu. Ba zan raina wannan takarda ba. An koya mana yadda ake tsayawa a gefen allo don kada mu tare wa yara, yadda ake riƙe hannun ɗan aji ɗaya ya zana harafi a ƙasa kafin ya taɓa fensir. Da aka soke ta aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar malami, mun samu matasa masu dogon Turanci waɗanda ba a taɓa nuna musu yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ba.

Wani abu ya faru da ni a shekarun farko wanda har yau nake tunawa. Akwai wani yaro a ajina na huɗu da ba ya iya karanta sunansa a rajista. Na yanke masa hukuncin daƙiƙi, har na faɗa a gabansa, Allah Ya yafe mini. Wata ranar Asabar da daddare na bi ta tsangayar bakin gari, an hura wuta da kara, almajirai sun kewaye ta. Sai ga yarona yana biya wa ƙananan kolaye, allonsa cike da rubutun hannunsa, baƙi a miƙe, wasali da jar tawada. Na tambayi malaminsa, ya ce ya wuce izu goma.

Na dawo gida ina juya abin. Me alaramma yake yi wanda ni ba na yi? Ba shi da benci, ba shi da albashi in ban da kuɗin Laraba da abin da gona ta bayar. Amma kowane yaro da nasa allon da nasa darasin. Mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, kuma ba a wanke allo sai yaro ya kawo karatunsa an ji ya zauna. Ni kuwa yara tamanin nake kora gaba ɗaya da manhaja ɗaya, shekara na ƙarewa duk su wuce aji na gaba, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Shekaru da yawa bayan haka aka tara mu a wani bita, aka kawo mana sabuwar dabara daga ƙungiyar Pratham ta Indiya: a raba yara bisa matakin karatunsu, a bar zancen aji. Na yi murmushi kawai.

Kada a ɗauka ina wanke tsangaya. Yaro yakan sauke Alƙur'ani bai san ma'anar abin da ya haddace ba, bai iya lissafin bashi a takarda ba, kuma almajirin da aka tura gabas ya dawo da ƙazuwa da yunwa kowa ya gan shi. Islamiyya ta ɗauki aji da jarrabawa daga boko, ita ce kuma ta buɗe wa 'yan mata ƙofa fiye da kowa. Makarantun almajirai na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a Sakkwato a 2012 gini aka sa a gaba, ba a zauna da alarammomi yadda ya kamata ba.

Sai maganar harshe, inda na fi jin ciwo. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshensa a shekarun farko na firamare. A takarda ke nan. A aji kuwa littattafan na Turanci ne, jarrabawar shiga sakandare ta Turanci ce, har tara muke cin yaro in ya yi Hausa. Malami ya rubuta jimla a allo, yara su maimaita da ƙarfi kamar waƙa, ba wanda ya san me ake cewa. 'Ya'yan Fulanin rugagen da ke kewaye da mu sun fi kowa shan wuya, don su Hausar ma harshe na biyu ce. Alhali tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife: yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda Faransa ta bar wa tsarin da Faransanci ne tun ranar farko, sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973. Su ma gwajin ya daɗe yana gwaji.

An canza mana tsari sau da yawa. 6-3-3-4 ya zo a 1982 da injinan koyon sana'a, waɗansu har suka yi tsatsa a akwatunansu don babu wutar lantarki. Jigawa ta rabu da Kano a 1991. An ƙaddamar da shirin ilimi na UBE a Sakkwato a 1999. Yanzu muna da jami'a a Dutse da wata a Kafin Hausa, abin da ba mu taɓa mafarki ba. Amma har yau damina na faɗuwa rabin aji na gona, ranar kasuwar Sara kuma sai ka ƙirga 'yan matan ajinka da yatsun hannu.

Kirana ga hedimastocin yankinmu ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar ko sisi daga Dutse. Kafin a ba ɗan aji uku takardar wucewa, a zaunar da shi shi kaɗai, a miƙa masa shafi ɗaya na Hausa ya karanta a ji. In ya kasa, kada a wanke masa allo.