K-Jetronic da matsalar yawan mai

K-Jetronic tsari ne na fesa fetur a injin mota wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fitar a 1973, aka fara sanya shi a Porsche 911T. Ba ya aiki da kwamfuta: iskar da injin ke zuƙa ce ke motsa wani faifai, faifan ya tura sandar da ke raba mai.

Idan fetur ya rinjayi iska, salansa kan yi baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi ƙirin. Galibi laifin na'urar daidaita matsin mai lokacin ɗumamar inji ne: da zarar matsin ya yi ƙasa, sai mai ya yi yawa. Nozul ɗin tayar da inji da sanyi ma yakan ɗiga. Gwanin makaniki sai ya auna matsin da geji kafin ya taɓa sukurun daidaita mai da iska.