Miracast: Fasahar da ke nuna allon kwamfuta a talabijin ba tare da kebul ba

Miracast fasaha ce da ke ɗaukar duk abin da ke kan allon kwamfutar tafi-da-gidanka ta nuna shi a talabijin na zamani, ba tare da an jona kebul ba. Ƙungiyar Wi-Fi Alliance ce ta fito da ita a shekarar 2012.

Na'urorin biyu kan haɗu kai-tsaye ta hanyar Wi-Fi Direct, saboda haka ba a buƙatar intanet. Microsoft ya sanya ta a Windows 8.1 a 2013. A Windows 10 da 11, danna maɓallan Windows da K tare ne ke fito da jerin talabijin da ke kusa. Kwamfutocin Apple kuwa da AirPlay suke aiki.

Ga masu gabatar da takardun kasafin kuɗi ko rahoton bincike a taro, wannan babban sauƙi ne. Sai dai fasahar ba ta tace abin da take nunawa: saƙon sirri ko sunan majiya da ya faɗo kan allo, kowa a zauren zai gani. Maganin hakan shi ne zaɓin Extend, wanda ke mayar da talabijin allo na biyu, sai abin da aka tura can kaɗai ke bayyana.