Raƙumin da ya gaji sunan giwa

A ƙarni na 4 na Miladiyya, a yankin kogin Danube, wani malamin Kirista mai suna Wulfila ya ƙirƙiro wa mutanensa Gotawa baƙaƙen rubutu, ya kuma fassara musu Linjila daga harshen Girkawa. Da aka zo kan misalin raƙumi da kafar allura, fassarar ba ta ɗauki kalmar Girkawa kamelos ba, sai ta ce ulbandus. Kalmar tana nan a cikin Codex Argenteus, kundin da aka rubuta da tawadar azurfa a Italiya a ƙarni na 6, wanda ke ajiye a Uppsala ta ƙasar Suwidin.

Harshen Gotawa ya mutu, amma ulbandus tana da dangi. Tsohon Ingilishi yana da olfend, tsohon Jamusanci yana da olbenta, mutanen Aisilan suna cewa úlfaldi har gobe. Daga bakin Gotawa ake kyautata zaton kalmar ta shiga harsunan Silabawa, inda ta zama verblyud a Rasha, wielbłąd a Polan, velbloud a ƙasar Cek.

To, ina asalinta? Galibin masana suna mayar da ita ga elephantus ta Latin, wadda aka aro daga elephas ta Girkawa, ma'ana giwa, kuma tun farko hauren giwa. Mutanen arewacin Turai sun fi jin labarin dabbobin nan biyu fiye da ganinsu. Sunan wata babbar dabba ta ƙasa mai nisa sai ya sauka a kan wata. Sai dai wasulan kalmomin ba su dace sarai ba, shi ya sa masani Jaan Puhvel ya danganta ta da huwalpant ta harshen Hittiyawa na Anatoliya, wadda ya fassara da mai doro. Gardamar ba ta ƙare ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan al'amari. Kalmar raƙumi aro ce daga harsunan Barbar, dangin Tamashek, kuma da ya so raɗa wa dabbar nan mai dogon wuya suna, raƙumin dawa ya ce. Malamin da ke kyamar kalmar aro a gaban ɗalibansa ya tuna cewa a cikinta ne harshe yake ajiye tarihin hulɗarsa da maƙwabta.