Tajet: furen ado mai kare saiwar tumatir

Furen da ake kira œillet d'Inde ko rose d'Inde da Faransanci, masana kuma suke kira Tagetes, tsiro ne mai rayuwar shekara guda: yakan tsiro, ya yi fure, ya zuba iri, ya bushe cikin ƴan watanni. Duk da sunan Indiya da aka laƙaba masa, asalinsa daga Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya. Ƴan Sifaniya ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu duniya. Masanin tsirrai ɗan Suwidin, Carl von Linné, shi ya ba shi sunan Tagetes a 1753. A Meksiko har yau da shi ake ƙawata kaburbura a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba.

Tajet dangi ɗaya ne da latas da shuwaka. Abin da ake gani kamar fure guda, tarin ƙananan furanni ne da suka haɗu a kai ɗaya. Launinsa rawaya ne ko ruwan lemo, wani kuma da ja mai duhu. Ganyensa tsattsage ne, yana da ƙauri mai ƙarfi idan an murza shi. Nau'i biyu suka fi yawa: Tagetes erecta, dogo mai kaiwa mita guda da manyan furanni, sai Tagetes patula, gajere wanda ba ya cika wuce santimita 40.

Nomansa ba wuya. Yana son rana sosai da ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Ana shuka irin ba da zurfi ba, ya tsiro cikin mako guda, sannan a dasa da tazarar santimita 20 zuwa 30. Furanni kan fara fitowa bayan kamar wata biyu. Taki idan ya yi yawa, ganye zai cika, fure ya ragu. Ruwa kuwa a gindi ake zubawa, domin jiƙa furen kan sa ya ruɓe. Cire furen da ya yanƙwane yana sa sababbi su fito, amma a bar wasu su bushe don a samu iri, wanda siriri ne, baƙi mai farin kai.

Ga mai lambu, babban amfaninsa yana ƙarƙashin ƙasa. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani, nematod, mai shiga saiwar tumatir da kuɓewa da yalo ta sa ta yi ƙululai, shuka ta tsumbure ko da ana ba ta ruwa. Saiwar tajet, musamman gajeren, tana ɗauke da sinadarin da ke hana tsutsar yaɗuwa. Sai dai ƴan tsirrai a gefen fangali ba sa wadatarwa. Abin da ke aiki shi ne a cika fangalin da tajet, a bar shi aƙalla wata biyu, sannan a dasa tumatir a gurbinsa. Kariyar ba ta daɗewa, don haka ana maimaitawa kowace shekara.

Masu haɗa abincin kaji ma suna amfani da busasshen furen dogon nau'in, domin yana ƙara wa ƙwanduwar ƙwai launi.