MAƘALAR MAKO: Daga Ina Tarihi Ya Fara?

 

Da yawa daga cikinmu mun fara sha'awar rubuta labaran mutanen dauri, kuma abu ne mai kyau. Sai dai akwai tuntuɓen da muke yawan yi. Mukan ɗauko kalmomi irin su "kafin tarihi", "zamanin dutse" da "wayewa", mu zuba su cikin rubutu kamar duk abu ɗaya suke nufi, wato lokacin da mutane suke cikin duhun kai. Alhali masana sun tanadi kowace daga cikinsu ne domin auna wani abu takamaimai, kuma mudun awon gero ba a auna yadi da shi. Yau za mu bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowace take aunawa, da abin da ba huruminta ba ne.

Mu fara da "kafin tarihi". A wurin masana, iyakar da ta raba tarihi da kafin tarihi ita ce rubutu. Duk zamanin da wata al'umma ta rayu ba ta bar rubutaccen bayani ba, shi ake kira kafin tarihi, domin mai bincike ba shi da takardar da zai karanta. Sai dai ya je kufai ya tambayi ƙasa: tsingaro, toka, ƙasusuwa, gatarin dutse. Saboda haka iyakar ba rana ɗaya ta faɗo wa duniya ba. A kudancin Iraƙi da Masar an fara rubutu wajejen shekara ta 3200 kafin Miladiyya. A Sin kuwa, rubutu mafi tsufa da aka tabbatar shi ne wanda aka kankara a jikin ƙasusuwan shanu da ƙoƙon bayan kunkuru, wajejen 1200 kafin Miladiyya. Kalmar tana ba mu labarin irin shaidar da ta rage ne, ba ta ce komai a kan hankalin mutanen ba.

A nan mu yi hattara da wata kalma tamu, "jahiliyya". Wannan kalmar addini ce, tana nufin halin da Larabawa suke ciki kafin zuwan Musulunci. Larabawan jahiliyya suna da marubuta, suna da mawaƙan da har gobe ake nazarin waƙoƙinsu. Wanda ya rubuta "zamanin jahiliyya" alhali yana nufin mutanen da suka rayu shekara dubu goma da suka wuce, ya haɗa abubuwan da ba su haɗu ba.

Sai lissafin shekaru. Shekarun kafin Miladiyya baya-baya ake ƙirga su: 3200 ta girmi 1750 da shekara 1,450. To yaya ake gane shekarun abin da ba a rubuta ranarsa ba? A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin sinadarai a Jami'ar Chikago, Willard Libby, ya fito da dabarar awo da sinadarin kabon 14. Duk abu mai rai yana ɗibar wannan sinadari. Da zarar ya mutu sai ya daina, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙashi ko itace, sai a ƙiyasta lokacin da ya mutu. Dabarar ba ta wuce kimanin shekara 50,000, kuma ba ta auna dutse ko ƙarfe, sai abin da ya taɓa rayuwa. Shi ya sa kalmar "kimanin" ba ta rabuwa da bakin masana kufai, mu ma bai kamata ta rabu da alƙalaminmu ba.

Kalma ta gaba ita ce zamunna uku: na dutse, na tagulla, na baƙin ƙarfe. Wannan rabo daga ɗakin ajiyar kayan tarihi ya fito. A 1816 aka ɗora wa wani ɗan ƙasar Denmak, Christian Thomsen, aikin shirya tarin tsofaffin kayan da aka tara a birnin Kopenhagen. Ya lura da irin kayan da ake tarar da su tare a kaburbura, sai ya jera su bisa abin da aka yi makamai da kayan yanka da shi, ya buga tsarin a 1836. Daga baya, a 1865, Baturen Ingila John Lubbock ya raba zamanin dutse gida biyu: tsoho, na duwatsun da aka fasa aka fiƙe, da sabo, na duwatsun da aka goge suka yi sumul.

Tsarin ya dace da Turai da Gabas ta Tsakiya, inda aka daɗe ana haɗa jan ƙarfe da kuza a sami tagulla kafin a iya narka tama. Amma a mafi yawan Afirka kudu da Sahara babu wani zamanin tagulla mai zaman kansa. Daga dutse aka shiga baƙin ƙarfe. Mutanen Nok, waɗanda aka fara tsintar mutum-mutuminsu na yumɓu a wuraren haƙar kuza a kudancin Jihar Kaduna ta yau, suna narka tama a Taruga fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Marubucin da ya ƙaƙaba wa labarin ƙasarmu "zamanin tagulla" ya ɗinka mana rigar da aka auna a jikin wani.

Daga nan sai "juyin noma". Masanin kufai ɗan Ostireliya, Gordon Childe, shi ya yaɗa wannan suna a shekarun 1930, yana nufin sauyin da aka samu daga rayuwar farauta da tsintar 'ya'yan itace zuwa shuka da kiwo. A yankin da ake kira Jinjirin Wata Mai Albarka, wanda ya lanƙwaso daga Falasɗinu ya bi ta Siriya da kudancin Turkiyya ya gangara Iraƙi, an fara noman alkama da sha'ir da kiwon tumaki da awaki fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Kalmar "juyi" tana iya yaudararmu mu ɗauka dare ɗaya aka yi shi. Ya ɗauki dubban shekaru, kuma ba wuri ɗaya ya faru ba. Mutanen Sin sun gano shinkafarsu, na Meziko sun gano masara, geron da muke dama fura da shi kuwa a Sahel ɗinmu na Afirka ta Yamma aka mai da shi amfanin gona. An sami shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajejen 2500 kafin Miladiyya.

Kada kuma mu ɗauka mafarauta ba su iya komai ba sai bin dabba. A Gobekli Tepe da ke kudancin Turkiyya an tono ginshiƙan dutse, wasu sun haura mita biyar, da siffofin dabbobi a sassaƙe a jikinsu, waɗanda aka kafa wajejen 9500 kafin Miladiyya, tun noma bai kankama ba. Sannan ƙasusuwan manoman farko a wurare da dama sun nuna sun fi mafarautan da suka gabace su gajarta da ciwon haƙori. Noma ya ƙara yawan mutane, amma bai zo da hutu ba.

Abin da noma ya kawo shi ne rara, kuma wannan ƙaramar kalma ita ce mabuɗin sauran. Idan rumbu ya cika har ya yi saura, za a iya ciyar da wanda ba ya zuwa gona: maƙeri, magini, soja, mai kula da ɗakin bauta, sarki. Haka birane suka tashi a Mesofotamiya, sunan da Girkawa suka ba ƙasar da ke tsakanin kogunan Dijla da Furat. Birnin Uruk, wanda ake kiran kufansa Warka a yau, ya tara dubun-dubatar mutane. To wa zai riƙe a ka buhu nawa ya shigo, tunkiya nawa aka karɓa, ma'aikaci nawa aka ba rabonsa? Daga wannan buƙata rubutu ya fito. Ana danna bakin kara a kan ɗanyen yumɓu, alamar ta fito kamar kan ƙusa, shi ya sa Larabawa ke kiransa rubutun mismari, mu kuwa muna iya cewa rubutun ƙusa. Mafi yawan allunan Uruk na farko lissafin sha'ir ne da dabbobi da rabon abinci.

Wannan darasi ne a gare mu. Sana'armu daga hannun ma'aji ta faro. Sai bayan kusan shekara 900, wajejen 2300 kafin Miladiyya, muke cin karo da Enheduanna, 'yar Sarki Sargon na Akkad, shugabar ɗakin bauta a birnin Ur, wadda ake ɗauka ita ce marubuciya ta farko da aka san sunanta a duniya. Labari da waƙa sun girmi rubutu nesa ba kusa ba. A baki suke zaune kafin a ba su masauki a allo.

Yanzu mun iso kalmar da ta fi kowace santsi, "wayewa". Kalmar Turanci da muke fassarawa haka ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin ɗan birni. Ta Larabci ma, "tamaddun", daga "madina" take. A 1950 Childe ya lissafa alamomi goma na irin wannan al'umma, daga ciki akwai babban gari, masu sana'a da ba sa noma, haraji, manyan gine-gine, rubutu da fataucin nesa. Duk wannan bayanin tsarin zama ne. Amma tamu kalmar daga wayewar gari ta fito, kishiyarta kuma duhu. Da zarar mun ce wasu sun waye, mun riga mun yanke wa sauran hukunci ba mu sani ba.

Kuma alamomin kansu ba su cika cif a ko'ina ba. Daular Inka ta Kudancin Amurka ta mulki miliyoyin mutane, ta shimfiɗa hanyoyi a kan tsaunuka, amma da ƙulle-ƙullen zare take ajiye lissafinta. Mutanen Mohenjo-daro da Harappa, a Pakistan ta yau, sun gina birane da tubalin ƙonawa da magudanan ruwa a rufe, sun bar alamomi a kan hatimai, amma har yau ba a warware karatunsu ba. Haka nan wayewa ba ta nufin adalci. Dokoki 282 na Hammurabi, sarkin Babila wajejen 1750 kafin Miladiyya, sun bambanta hukuncin tsiyayar da idon mai daraja da na talaka da na bawa.

Rikita waɗannan kalmomi ya taɓa yi mana ɓarna. A 1963 masanin tarihi na Jami'ar Oksfod, Hugh Trevor-Roper, ya fito ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, ban da na Turawan da suka shigo ta. Kuskurensa shi ne ya mai da rashin takarda rashin tarihi. Shekara 24 bayan haka, a 1987, wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Da aka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda awon kabon ya ba kimanin shekara 8,000. Ya girmi allunan Uruk da kusan shekara 3,000. Wanda ya sassaƙa shi bai san harafi ko ɗaya ba, amma ya san itace, ya san ruwa, kuma daga ganin yadda ya fiƙe goshin jirgin an san ba shi ne na farko da aka sassaƙa ba.

To me ya rage mana? Idan za mu rubuta "kafin tarihi", mu faɗi na wace ƙasa. Idan za mu ambaci zamanin dutse ko na ƙarfe, mu tabbatar ma'aunin ya dace da wurin. Idan "wayewa" ta zo bakin alƙalami, mu tambayi kanmu ko birni da haraji muke nufi, ko kuwa hukunci muke yankewa. Idan kuma ƙagaggen labari ne, kada mu sa wa mutumin Dufuna gurnani a baki. Mu ba shi harshe cikakke, da barkwanci, da fargabar damina, da mahaifin da ya koya masa riƙon gizago.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan ranar da aka fara tura wannan kwalekwale cikin ruwa, ba tare da ya yi amfani da kalmar "wayewa" ko "duhun kai" ba. Allah ya ƙara mana basira, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.