Muhawarar Limaman Katolika da Dattawan Aztek: Wani Tsokaci

Wannan maƙala za ta waiwayi wata muhawara da aka ce an yi a ƙasar Meziko a shekarar 1524, wato shekara uku bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Tenochtitlan da yaƙi. A wannan shekara ce limamai goma sha biyu na ɗariƙar Faransiskan suka iso ƙasar, suka zauna da sarakunan Aztek da malaman addininsu na gargajiya.

Bernardino de Sahagún, wanda ya rubuta labarin zaman a 1564, bai halarce shi ba, domin sai a 1529 ya zo ƙasar. Da tsofaffin takardu ya yi aiki, tare da 'yan ƙasa da suka yi karatu a makarantar Tlatelolco, irin su Antonio Valeriano, kuma da harshen Nahuatl da Sifaniyanci aka rubuta littafin. Saboda haka masana suke saɓani a kan ko zaman ya gudana yadda aka bayyana shi.

Abin lura shi ne yadda aka bar dattawan suka faɗi hujjarsu ba tare da an mai da su abin dariya ba. Cikin ladabi suka karɓi baƙin, sa'an nan suka ce ba za su rushe abin da suka gada kaka da kakanni ba. Mulki ya riga ya kuɓuce musu, wannan rashi ya isa. Su kuwa limaman, da za su ambaci Ubangiji, sai suka ari sunayen da Aztek suka saba da su, kamar Ipalnemohuani, wato wanda da shi ake rayuwa. A ganina nan ne sulhun yake, a cikin harshe, ko da yake aron yana da haɗarinsa: kowane ɓangare na iya jin kalmar da tasa ma'anar.

Sai dai ba zaman tsara da tsara ba ne, tunda takobi yana hannun ɓangare guda. Littafin ma ba a buga shi a zamanin ba. A 1577 Sarki Filib na Biyu ya yi umarni a ƙwace rubuce-rubucen Sahagún a kan al'adun 'yan ƙasa. Sai a 1924 aka buga abin da ya saura na muhawarar, bayan an gano shi a ma'ajiyar Fadar Paparoma, babi goma sha huɗu daga cikin talatin.